Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Abin Da Nawar Tsofaffin Kwamfutoci Ta Koya Mini

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a tasha a Tunga da niyyar zuwa Suleja ya san abin da ake kira lodi. Ka biya kuɗinka, ka sami wurin zama, mota lafiyarta ƙalau, direba yana gefe yana shan shayi, amma babu inda za ku motsa sai mota ta cika. To, ita ma kwamfuta tana yin lodi. Kafin ta nuna maka wani abu, sai ta kwaso shi daga inda yake ajiye ta zuba a ƙwaƙwalwarta, kai kuwa kana zaune kana kallon allo kamar fasinja. A kan wannan jiran nake son yin 'yar magana a wannan fitowa ta mujallarmu.

Na san wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wasan kwamfuta, balle wasannin da aka yi tun kafin a haife mu? Ina roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa zuwa ƙarshe. Ra'ayina a taƙaice shi ne, yawancin nawar da muke ɗora wa na'ura laifin wanda ya rubuta manhajar ne. Mutanen da suka yi wa ƙananan kwamfutocin shekarun 1980 wasanni sun gane haka, suka yi ɗinki daidai da yadin da ke hannunsu. Mu da muke fama da tsofaffin na'urori da tsadar data da wutar da ba ta da alƙawari, mun fi kowa bukatar koyon wannan ɗinki. Kuma ɗalibin Hausa yana da babban rabo a cikin aikin.

Kwamfutar bayan shago

A Tunga na tashi. Wani kawuna yana da shagon buga takardu da fotokwafi ba nisa da kasuwa, kuma can nake zuwa in taya shi aiki idan an tashi daga makaranta. A wajajen 2011, a bayan shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, irin waɗanda ake kira tokumbo, mai Pentium II da Windows 98. An daina aiki da ita, an lulluɓe ta da tsohon zane. A cikin kwalin da ta zo da shi na tarar da faya-fayan sidi guda 5 na wani wasa mai suna Baldur's Gate, wanda kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya yi a 1998.

Wasan ya shiga raina, amma ya wahalar da ni. Duk lokacin da jarumina zai bar wani yanki ya shiga wani, sai allo ya tsaya, kwamfuta ta yi ta gurnani, wani lokaci kuma ta ce in cire faifai in sa wani. Ga shi janaretan shago na kwamfutar gaba ne kawai, wadda ke kawo kuɗi. Idan aka ɗauke wuta ban adana inda na kai ba, aikin awa guda ya tafi ke nan. Da na yi wa Kawu ƙorafi sai ya ce, "Kai yaro, tsohuwa ce. Me kake so ta yi maka? Ka yi haƙuri da ita." Ni ma na yarda da haka, na ci gaba da haƙuri.

Rannan wani mai gyara ya zo duba injin fotokwafi, ya gan ni ina jujjuya faya-fayai. Bai ce komai ba sai da ya gama aikinsa. Ya nemi izinin Kawu, ya goge tarin tsofaffin takardun da suka cika mata ciki, ya kashe manhajojin da ke tashi tare da ita ba gaira ba dalili, sannan ya juye wasan gaba ɗaya a cikin ma'adanarta. Ko dunƙulen waya bai canza ba. Daga ranar canjin faifai ya ƙare, jiran kuma ya ragu ƙwarai. Na daɗe ina tunanin abin nan: kwamfutar ita ce dai ta jiya, to ina nawar ta tafi?

Wane irin wasa ne wannan?

Kafin mu ci gaba, ya kamata in bayyana irin wasan da nake nufi. Turawa suna taƙaita sunansa da RPG, ni kuwa zan kira shi wasan shiga labari. A irin wannan wasa, ba kallon labari kake yi ba, kai ne jarumin. Kana yawo gari-gari, kana magana da mutane, kana saye da sayarwa, kana karɓar aike, kana faɗa da dodanni, kuma abin da ka zaɓa yau yana iya bin ka har ƙarshen labari. Asalinsa wasan tebur ne na takarda da fensir mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kafin matasa su fara mayar da shi cikin kwamfuta.

Irin wannan wasa ya fi kowane jin jiki a hannun ƙaramar na'ura, kuma dalilin a fili yake. Wasan tsere ko na harbi ƙarami ne, sau ɗaya zai yi lodi a yi ta bugawa har dare. Shi kuwa wasan shiga labari duniya ce sukutum, da garuruwanta da dazuzzukanta da maganganun mutanenta. Ba ta shiga ƙwaƙwalwar na'ura a lokaci guda, don haka dole a riƙa komawa faifai. Shiga gari lodi, fita gari lodi, haɗuwa da abokan gaba lodi, gama faɗa lodi.

Injinan da suka riga mu

Kwamfutar bayan shagonmu, duk da tsufanta, sarauniya ce idan aka gwama ta da waɗanda suka gabace ta. Ban taɓa ganin ɗaya daga cikinsu a Tunga ba. Sai da na shigo jami'a na san su, ta hanyar wata manhaja ta kyauta mai suna VICE, wadda ke kwaikwayon kwamfutar Commodore 64 har da nawarta. Da ita na ɗanɗana jiran da yaran Amurka da Ingila da Jamus suka sha.

Bari mu yi ɗan lissafi. Bayit ɗaya kamar harafi ɗaya ne, kilobayit kuma haruffa dubu da 'yan kai. Shafi ɗaya na mujalla irin wannan bai wuce kilobayit 3 zuwa 4 ba. Apple II ta fito a 1977, kuma yawancin wasanninta an yi su ne don kilobayit 48. ZX Spectrum ta Ingila ta fito a 1982 da kilobayit 16 ko 48, daga kaset irin na rediyo take lodi, babban wasa yakan ci kamar minti 5. Commodore 64 ta fito a 1982 a kan dala 595, da kilobayit 64, wato kamar shafi 20 na mujalla. An sayar da miliyoyinta, har ta zama ɗaya daga cikin kwamfutocin da aka fi saye a tarihi.

Na'urar kaset ta Commodore tana kawo kusan haruffa 50 a daƙiƙa. Ke nan wasa mai kilobayit 40 zai ci fiye da minti 13. Na'urarta ta karanta faifan filofi, mai lamba 1541, tana kawo kusan haruffa 400 a daƙiƙa, kuma fuska ɗaya ta faifai tana ɗaukar kilobayit 170. Hoto ɗaya na wayar da ke aljihunka, mai megabayit 3, zai cinye fuskar faifai kusan 18, kuma lodinsa zai wuce awa biyu. A kan irin wannan na'ura aka buga Pool of Radiance na kamfanin SSI a 1988, wanda ya zo a faya-fayai 4, kowane gaba da baya.

Sauri ya haifi nawa

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ita 1541 ba raguwa ba ce. A cikinta akwai nata firosesa, ɗan'uwan wanda ke cikin kwamfutar, da 'yar ƙwaƙwalwa ta kilobayit 2. Matsalar tana kan hanyar da ke tsakaninsu. Tsofaffin kwamfutocin Commodore suna aika saƙo ta kebul mai wayoyi da yawa, harafi guda a tashi ɗaya. Don neman araha, kamfanin ya koma kebul siriri wanda ke aika harafi gutsure-gutsure. Sai aka gano aibi a wani ɗan ɓangaren lantarki da zai yi wannan aiki a kwamfutar VIC-20, wadda ta riga Commodore 64. Lokacin kai kaya kasuwa ya matso, don haka aka yi kwaskwarima, aka bar wa firosesa ya riƙa miƙa gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Commodore 64 ba a bar tsohon tsarin ba. Ƙari a kan haka, ɓangaren da ke zana hoto a allo yakan katse firosesa a kai a kai, sai aka ƙara rage gudun na'urar don kada saƙo ya zube a hanya. Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa, ga shi nan ƙiri-ƙiri.

To, yaya aka yi maganin abin? Masu rubuta manhaja ne suka zauna suka nazarci kebul ɗin. Suka rubuta 'yar manhaja da ake turawa cikin ƙwaƙwalwar 1541, ta koya mata sabuwar hanyar magana, ta riƙa tura gutsure biyu a tashi ɗaya ta wayoyin da ke nan tun farko. Wasu ma sukan kashe allo a lokacin lodi don kada a katse firosesa. A 1984 kamfanin Epyx ya fitar da Fast Load, wani ɗan katirij da ake cusawa a bayan kwamfuta, wanda ya ninka saurin lodi kusan sau 5. Jiran fiye da minti ɗaya da rabi ya koma kamar daƙiƙa 20. Kebul ɗin bai canza ba, faifan bai canza ba, tunani ne ya canza. Ranar da na karanta wannan tarihi, mai gyaran nan na shagon Kawu ne ya faɗo mini a rai.

Dabarun mai ƙaramin ɗaki

Mai ɗaki ɗaya ya fi mai gidan sama iya jera kaya. Su ma masu yin wasannin nan haka suka zama, kuma dabarunsu sun cancanci a san su.

Ta farko ita ce zaɓen harshen da za a yi wa na'ura magana da shi. Andrew Greenberg da Robert Woodhead sun fara rubuta Wizardry da harshen BASIC, suka ga nawarsa ba za ta bari a yi wasa ba, suka sake rubuta shi da Pascal, ya fito a 1981. Shi ma Richard Garriott ya rubuta yawancin Ultima na farko da BASIC a 1981, amma kafin ya fitar da na biyu a 1982 sai da ya koyi harshen da firosesa ke ji kai tsaye. BASIC kamar magana ce ta bakin tafinta, kowace jimla sai an tsaya an fassara. Wanda ya koyi harshen mutanen gari ba ya jiran tafinta.

Ta biyu ita ce maimaita abu ɗaya. Maimakon a zana duniya gaba ɗaya, sai a zana 'yan ƙananan hotuna, ɗaya na ciyawa, ɗaya na ruwa, ɗaya na dutse, a ba kowane lamba. Taswira sai ta zama jerin lambobi kawai. Duniyar Ultima IV ta 1985 tana da gida 256 a tsaye, 256 a kwance. Idan ka ninka za ka sami 65,536, wato daidai da dukkan ƙwaƙwalwar Commodore 64. Sai aka yanka taswirar gunduwa-gunduwa, ana ɗauko wadda ke kusa da matafiyi kawai, kamar yadda mai shago ke fito da abin da za a saya yau ya bar sauran a sito.

Ta uku ita ce shuka maimakon ajiya. A wasan Akalabeth, wanda Garriott ya yi kafin Ultima, akan tambayi ɗan wasa wata lamba, daga wannan lambar na'ura ke lissafo duniyar. David Braben da Ian Bell sun kai wannan dabara ƙololuwa a Elite na 1984, wasan fatauci a sararin samaniya, inda suka samar da duniyoyi 2,048 a kwamfutar BBC Micro mai kilobayit 32. Ba su ajiye gona ba, iri suka ajiye.

Ta huɗu kuwa ita ta fi burge ni a matsayina na ɗalibin adabi, wato komawa ga takarda. Temple of Apshai na 1979 ya sa bayanin ɗakunansa a cikin littafin da ke tare da wasan. Wasteland na 1988 ya zo da littafin sakin layi masu lamba. Idan ka kai wani wuri, allo zai ce ka karanta lamba kaza. Har sakin layi na bogi suka cusa a ciki don su ruɗa mai leƙen gaba, kuma wanda ya kwafi faifai ba littafi ya sha wahala. Waɗannan mutane sun fahimci cewa jimla mai kyau tana zana hoto a zuciyar mai karatu, hoton da ba ya cin wuri a faifai kuma ba ya lodi.

Yau fa?

Mai karatu zai yi zaton tunda na'urorin yau sun ninka na da sau dubbai, an daina jira. Ina! Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, yana neman wurin gigabayit 150. Wannan ya ninka faya-fayan nan 5 nawa fiye da sau 40, kuma ya fi fuskar filofi dubu ɗari takwas. Tun a 1995 masanin nan na ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro harshen Pascal, ya yi gargaɗin cewa manhajoji suna ƙara nauyi fiye da yadda na'urori ke ƙara sauri.

Ga misali ɗaya da ya isa hujja. Wasan GTA Online ya fito a 2013, kuma shekara da shekaru mutane suna kukan daɗewar lodinsa, da yawa suna zargin kwamfutocinsu. A 2021 wani mai rubuta manhaja da ke kiran kansa t0st ya bincika. Ya tarar wasan yana karanta wani jerin kaya kusan 63,000, kuma kafin ya karanta kowane ɗaya sai ya sake auna tsawon rubutun, sannan ya gwada shi da duk waɗanda ya riga ya karanta. Kamar akawun da duk buhun da aka shigo da shi sai ya sake ƙirga sito. Da mutumin ya gyara, lodi a kwamfutarsa ya sauko daga kusan minti 6 zuwa ƙasa da minti 2. Kamfanin Rockstar ya amsa cewa gaskiya ne, ya gyara wasan, ya ba shi dala 10,000.

Kuma kada a ce ba za a iya ba. A 2015 Facebook ya fitar da Facebook Lite, wanda bai kai megabayit ɗaya ba a lokacin, domin ƙasashe irin namu. A 2017 Google ya sanar da Android Go don ƙananan wayoyi. Ashe idan ana son kasuwarmu, an san yadda ake rage kaya.

Abin da za a iya ce mini

Adalci ne in kawo hujjojin wanda bai yarda da ni ba. Na farko zai ce ina yabon zamanin wahala. A'a. Jiran minti 13 ba abin alfahari ba ne, kuma ban yarda da masu cewa jiran ya koya wa yaran da haƙuri ba. Gaskiya ne mai haƙuri yakan dafa dutse, amma wanda ya zauna dafa dutse alhali ga shinkafa a gefe, ba haƙuri yake ba, asara yake. Abin da nake yabo shi ne mutanen da suka ƙi yarda da jiran.

Na biyu zai ce ai wata nawar ta na'ura ce da gaske. Wannan haka yake. Ko duk masanan duniya sun taru, kwamfutar bayan shagon Kawu ba za ta ɗauki Baldur's Gate 3 ba. Kowace na'ura tana da iyaka. Maganata ita ce, da wuya mu kai iyakar kafin mu yanke hukunci. Mukan ce "ta tsufa" mu tafi neman sabuwa, kuma a ƙasar da kuɗin waya ɗaya ke cin albashin wata, wannan hukunci yana da tsada.

Na uku zai ce mutanen yau hoto suke so, ba wanda zai zauna karanta rubutu. Wanda ya faɗi haka bai leƙa wayoyin 'yan'uwanmu mata ba. Littattafan Hausa nawa ake karantawa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad kowane dare? Masu karatu suna nan, kuma sun nuna cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na huɗu zai ce wasa ɓata lokaci ne. Wasa yana iya cinye lokacin ɗalibi, ban musa ba, ni ma na sha faɗa a kansa. Amma rabin Turancin da na shiga babbar sakandare da shi a bakin mutanen wasan nan na tsince shi, da ƙamus a cinyata, domin in ban gane maganarsu ba ba zan wuce ba. Tambayar da ta dame ni ita ce, me ya sa ba a sami wasan da zai sa yaro ya buɗe ƙamusun Hausa ba?

Ina muka shigo?

A nan ne ɗalibin Hausa ya shigo. Halin da muke ciki ya fi kama da na mutanen 1982 fiye da na kamfanonin yau. Yawancin mutanenmu ƙaramar waya ce kwamfutarsu. Data ta yi tsada, musamman tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin sadarwa har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wuta kuwa, duk da Kainji da Shiroro da Zungeru suna Jihar Neja, kowa ya san layin masu cajin waya. Wanda zai yi mana wasa dole ya yi daidai ruwa daidai tsaki. Kuma mun ga cewa abin da ya fi komai sauƙin ɗauka shi ne rubutu, wanda shi ne sana'armu.

Labarin ma ba sai mun aro ba. Kagara tana nan Jihar Neja, can aka haifi Abubakar Imam a 1911. Littafinsa Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tsarinsa tsarin wasan shiga labari ne tsaf: mutum ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana bin gari-gari, yana ta karo da Malam Zurƙe, kowane gari da irin jarabawarsa. Haka Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Waɗannan suna da masu haƙƙin mallaka, sai da izini. Amma tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da labarin Bayajida, da tafiyar fatake daga Kano zuwa Gwanja neman goro, duk gadonmu ne. Ka ɗauka kai ne madugu. Jakuna nawa za ka ɗauka? Za ka biya fito a bakin Kwara ko za ka zaga? Wa za ka amince wa a zango? Ga tarihi, ga lissafi, ga karin magana, duk a wasa ɗaya.

Kada kuma a kawo uzurin haruffa masu lanƙwasa. A Commodore 64 kowane harafi ɗigo 8 ne sau 8, wato bayit 8, kuma mai manhaja yana iya sake zana shi. Ke nan ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, bayit 48 kacal za su ci a na'urar 1982. Yau kuwa suna cikin tsarin Unicode. Akwai kuma manhajar Twine ta kyauta, wadda Chris Klimas ya fitar a 2009, da ke ba marubuci damar tsara labari mai rassa ba tare da ya zama injiniya ba.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu ɗauki wannan a matsayin aikin shekara guda. Mu rubuta labari, mu nemi abokai daga sashen kimiyyar kwamfuta, ko na jami'armu ko irin na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, su taya mu da abin da ya fi ƙarfinmu. Mu gindaya wa kanmu sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, a gwada wasan a kan wayar da ta fi kowace rauni a ajinmu, ba ta shugaban ƙungiya ba. Na biyu, ya yi aiki ba intanet, kuma ya zama ƙarami yadda za a tura shi daga waya zuwa waya. Na uku, ya riƙa adana inda mutum ya kai a kowane mataki, don kada mutuwar batir ta cinye wa yaro aikinsa kamar yadda ɗaukewar wuta ta sha cinye nawa. Na huɗu, a rubuta shi da daidaitacciyar Hausa, bisa ƙa'idojin rubutun da malamanmu ke ta fama da mu a kansu.

Kammalawa

A wannan ɗan rubutu na yi ƙoƙarin nuna cewa nawar na'ura sau da yawa daga hannun mutum take, kuma a hannun mutum maganinta yake. Mun gani a kebul ɗin Commodore, mun gani a wasan GTA Online, ni kuma na gani da idona a bayan wani shago a Tunga. Ita kwamfutar ta daɗe da tafiya, 'yan jari-bola suka saye ta a kan kilo, ban ma kai ƙarshen wasan ba. Amma a unguwar nan har gobe akwai yaro riƙe da tsohuwar wayar yayansa, mai fasasshen gilashi, ana ce masa ya yi haƙuri, tsohuwa ce. Ina ganin ya cancanci a yi masa abin da zai buɗe a wayar nan ba jira, kuma ya yi masa magana da harshen da ake yi masa tatsuniya. Idan mu da muke karanta Hausa a jami'a ba mu rubuta masa ba, ban san wanda muke jira ba. Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, shafukan mujallarmu a buɗe suke, sai mu haɗu a fitowa ta gaba.